Tayar Gaba Ba Ta Cinyewa Banza: Jawabin Kwamitin Sufuri a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiya na nan da na tsallaken iyaka, iyayenmu dattawa da suka kafa wannan tafiya, Alhazai da Hajiyoyi, direbobinmu da yaran mota, muna yi wa kowa barka da ganin wannan rana. Waɗanda suka taso daga Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, da waɗanda suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato, sannunku da hanya.

Da aka ce kwamitin sufuri zai yi jawabi, da yawa sun zaci za mu tsaya kan shingayen hanya ko canjin naira da sefa. Waɗannan suna da masu magana a kansu. Mu taya muka zaɓa, tayar gaba ta tsofaffin motocinmu na a-kori-kura, saboda koke ɗaya ne yake ta dawo mana daga bakin mambobi: mutum ya sa sabuwar taya, ko wata huɗu ba a yi ba ta cinye gefe guda, ɗaya gefen kuma kamar jiya aka ɗaura ta. Sai mai mota ya ce an sayar masa da jabu, ko ya ce direba ne ba shi da hannu. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma a mafi yawan motocin da muka duba tare da makanikai, laifin yana ƙarƙashin motar ne, tayar kawai ta tona shi.

Bari mu fara da abin da ya sami ɗaya daga cikinmu a ranin da ya wuce, kuma da izininsa muke faɗa. Motarsa Hilux ta ɗauko albasa ta nufo iyaka, tayar gaba ta dama ta fashe ana cikin gudu, motar ta bar kwalta ta kwanta. Allah ya tsare rai, amma yaron mota ya karye a hannu, albasa ta yini a rana a watse, motar kuma ta yi makonni a gareji. Duk wanda ya ga tayar nan da safe zai ce lafiyarta ƙalau, domin gefenta na waje da zanensa. Gefen ciki, wanda ido ba ya kaiwa sai an durƙusa, ya cinye har waya ta fito. Da aka kwance ƙafar, sai aka tarar boljoyin na ƙasa ya yi lako-lako. Mai motar ya gaya mana taya biyu ya canza a wannan ƙafar cikin shekara guda, bai taɓa cewa a duba dalili ba. Kuɗin abin da ya lalace bai kai na taya ɗaya ba.

Kun san yadda taya ta koma. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yi a Legas a 2008, tayar da muke sawa daga waje take zuwa, farashinta kuma dala yake bi. Tun da aka saki naira a 2023 kowa ya ji a aljihunsa. Na tsallake ma ba su tsira ba, domin kayansu sai sun ratsa wata ƙasa kafin su iso. Saboda haka tayar da ya kamata ta yi shekara, in ta ƙare a wata huɗu, ribar tafiye-tafiye da dama ce ta tafi.

Abin da muke so kowa ya koma gida da shi shi ne wannan: yadda taya ta cinye yana faɗin abin da ke damun mota. Wanda ya iya karanta shi ba zai sayi taya sau biyu a kan cuta ɗaya ba.

Yadda ake karanta taya

A ajiye mota a wuri mai daidai, a murɗa sitiyari har ƙarshe domin fuskar tayar ta fito duka, a durƙusa a duba daga gefen waje har gefen ciki. Sannan a shafa da tafin hannu, a hankali, domin in waya ta fito tana yanka. Cinyewa iri shida muka fi gani.

Na farko, gefe biyu sun cinye, tsakiya da sauranta. Wannan ƙarancin iska ne, ko lodin da ya fi ƙarfin iskar da ke ciki. Tayar tana lotsewa, kafaɗunta ne ke ɗaukar nauyi, tana kuma yin zafi fiye da ƙima. Irin wannan ce ke fashewa da tsakar rana a watan Afrilu.

Na biyu, tsakiya ta cinye, gefe biyu lafiya. Iska ta yi yawa, tayar ta kumbura tana tafiya a kan cibiyarta. Muna yawan ganin wannan a tayar gaba, saboda mai faci yakan cika tayoyi huɗun da iska ɗaya da sunan za a yi lodi, alhali lodin a baya yake zama.

Na uku, gefe ɗaya kaɗai ya cinye sumul, ko na ciki ko na waje. Tayar ba a tsaye take ba, ta karkata. In samanta ya kwanto ciki wajen inji, gefen ciki take ci. In ya kwanta waje, gefen waje take ci. Makanikai suna kiran wannan karkata kamba. Abin da ke kawo ta a tsohuwar mota shi ne boljoyin ko bushi da suka mutu, sifirin da ya zauna, ko hannun ƙafa da rami ya lanƙwasa.

Na huɗu, in ka shafa daga waje zuwa ciki ka ji santsi, ka dawo da hannu ka ji kaifi kamar haƙorin zarto. Tayoyin biyu ba sa kallon gaba tare: ko sun haɗa baki, ko sun buɗe. In sun haɗa baki da yawa, gefen waje ke tafiya. In sun buɗe, gefen ciki. Wannan ita ce cutar da ta fi saurin cin taya, za mu dawo kanta.

Na biyar, cinyewa tudu da kwari a zagayen tayar, kamar an bi ta ana kwarfa da cokali. Tayar tsalle take yi a kan hanya. Shokazoba ta mutu, ko tayar ba ta da balansi, ko boris ya saki. Irin wannan tana da ƙugi in ana gudu, har wasu su zaci boris ne alhali tayar ce ke kuka.

Na shida, wuri ɗaya ya baje kamar an goga shi a dutse. Birki ya kama tayar ta ja ƙasa, ko dai a taka birki na gaggawa, ko birkin ƙafar yana maƙalewa.

Sau da yawa za a ga biyu ko uku a taya guda, domin tsohuwar mota ba ta ciwo ɗaya. Duk da haka, wanda ya fi fitowa fili shi ake fara bi.

Iska

Da iska za a fara, domin ita ce ba ta cin kuɗi. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin mota, na gaba daban, na baya daban, na lodi daban. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi kullum ba. A auna da safe kafin a tashi. In an yi tafiya taya ta yi zafi, geji zai nuna ƙari, kuma haka ya kamata. Kada a sace iskar a lokacin, domin in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so.

Akwai wani ruɗani da mu masu ƙetare iyaka muka fi kowa gamuwa da shi. Mai faci a Najeriya yana lissafi da talatin da biyar, arba'in, hamsin. Na Nijar yakan yi lissafi da kilo, ya ce biyu da rabi ko uku. Kilo ɗaya a geji kusan sha huɗu da rabi ne a lissafin Najeriya, wato biyu da rabi ya kama wajen 36, uku kuma wajen 43. Direban da bai san wannan ba sai ya ce a sa masa yadda aka saba, kowa kuma da abin da ya saba. Ga shi geji da yawa na bakin hanya sun gaji, wasu ma da bugun ƙarfe suke auna taya. Geji na aljihu ba shi da tsada, kowace mota ta mallaki nata.

Masu shiga kasuwannin ƙauye ta cikin rairayi sukan rage iska domin mota ta fita, kuma dabara ce mai kyau. Inda ake kuskure shi ne a hau kwalta a ci gaba da gudu a haka. Wanda ke rage iska, ya riƙe famfo. Haka masu mota mai jan ƙafa huɗu: in an fito daga yashi aka hau kwalta, a cire giyar. Barinta yana sa tayoyi su riƙa turjiya da juna a kowace kwana.

Lodi

Nan ne maganar za ta taɓa mu masu kaya, ba direbobi ba. Yawancin waɗannan motoci an ƙera su ne su ɗauki wajen tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo ɗari, har da mutanen da ke ciki. Kowa a nan ya san nawa muke ɗorawa. Wani zai ce ai nauyin a baya yake, me ya haɗa shi da tayar gaba? Ku tuna da sikeli. Duk buhun da aka ɗora bayan tayar baya, musamman in an sauke ƙofar bodi an yi wa kaya ƙari a kanta, ɗaga gaban motar yake yi. Shi ya sa da dare za ka ga fitilarta tana haska sama. In gaba ya ɗagu, ƙafafun suna saki, tsayuwar tayar da inda take kallo duk su canza. An yi wa mota alaimen ba kaya, amma rabin rayuwarta a ɗage take tafiya. Ga sitiyari ya yi sakayau, ga tayar gaba tana saurin jan ƙasa in an taka birki.

Haka in aka jibga nauyi a gefe guda, ko mai da ruwa da mutane duk suka taru ɓangare ɗaya, ƙafar wannan gefen ce za ta biya. Kaya masu nauyi su zauna kusa da kan mota, a gaban tayar baya ko a kanta, marasa nauyi su bi baya.

Akwai gyare-gyare biyu da muke yi saboda lodi waɗanda ke taɓa tayar gaba. Ɗaya shi ne ƙara ganyen sifirin a baya. Yana hana mota zama, amma bai ƙara wa taya ko birki ko shasi ƙarfi ba, kuma in ba kaya bayan yana ɗagewa ya canza zaman gaba. Na biyu ya shafi tsofaffin Hilux da ire-irensu masu doguwar sandar ƙarfe mai murɗuwa a maimakon sifirin gaba, wadda makanikai ke kira toshanba. Tana da noti da ake ɗaurewa gaban mota ya tashi. In ta gaji gefe ɗaya ya zauna, ko aka ɗaure ta fiye da ƙima domin mota ta yi tsayi, kamba ta tafi ke nan, boljoyin na sama kuma yana shan wahala. Duk wanda ya taɓa wannan notin, ya auna tsayin gefe biyun su zo daidai, sannan ya je alaimen.

Kayan ƙafa

Motocinmu ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace da inda take fara ciwo. Fijo 504 a-kori-kura, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, har yau tana aiki a hanyoyin ƙauye. Ita shokazobarta ta gaba tana cikin sifirin ne, kuma ita ke riƙe da tsayuwar ƙafar, saboda haka in ta lanƙwashe tayar ta karkata. Hilux na kafin wajen 2005 masu toshanba suna da sanduna da mahaɗai da yawa tsakanin sitiyari da taya, har da wani hannu a ɓangaren fasinja da ke tallafe sandar tsakiya, wanda in ya saki tayar wannan gefen sai ta riƙa rawa ita kaɗai. Land Cruiser a-kori-kura da ake bin hanyar Agadas da ita gatari ɗaya ne ya haɗa tayoyin gaba. Ita ba ta cika karkata ba sai boris ɗin da ƙafar ke juyawa a kansa ya ci, ko gatarin ya lanƙwashe.

Sunaye suna bambanta. Abin da makanikin Kano zai kira boljoyin da tayarod, na Maraɗi rotil zai ce. Bushi a can silanbulok ne, boris rulma, shokazoba amortisa, alaimen kuma paralelisim. Direban da ke kwana a ɓangare biyun ya riƙe duka, kada mota ta lalace masa a tsallake ya rasa yadda zai yi bayani.

Aikinsu dai ɗaya ne: su riƙe taya a inda aka saita ta. In sun ci, tayar tana samun wurin wasa. Ramuka, tudun rage gudu da ake hawa ba a rage ba, da hanyar burji mai gargada su ne ke cinye su. Ƙura da ruwa kuma suna shiga da zarar robar da ta rufe mahaɗin ta tsage, giris ya fita, ƙarfe ya ci ƙarfe. Mu da Najeriya da Nijar duk hannun dama muke bi, don haka ƙafar dama ce ke faɗawa karyayyen bakin kwalta duk lokacin da babbar mota ta matse mu. Kada a yi mamaki in ita ta fara lalacewa.

Zama ma yana kashe kayan ƙafa. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, motoci da yawa sun yi watanni a ajiye a rana. Roba ta bushe ta tsage, birki ya yi tsatsa, tayoyi suka baje a inda suka zauna. Da aka buɗe, aka tayar da su aka yi lodi ba tare da an leƙa ƙarƙashi ba. Wasu har yanzu wannan bashin suke biya.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A ja birkin hannu, a sa wa tayar baya waigi, a ɗaga ƙafar da jak, a tokare da abu mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. A kama tayar sama da ƙasa a girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, wani ya taka birki a sake girgizawa: in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne ko bushi. Sannan a kama ta gefe da gefe a girgiza: wasa a nan na tayarod ne ko sauran sandunan sitiyari. A juya tayar da hannu a saurara, a ga ko birki na gogawa, a ga ko wili na lilo saboda ya lanƙwashe. A sauke motar a danna gabanta da ƙarfi a saki; in ta ci gaba da rausaya, ko aka ga mai ya jiƙe jikin shokazoba, ta gama aiki. Bayan doguwar tafiya kuma a kai bayan hannu kusa da wilin gaba biyun. In ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, birki na maƙalewa ko boris na ci.

A duba baya ma. Akwai ƙusa a tsakiyar sifirin baya da ke riƙe gatari a wurinsa, kuma obalodi yana karya ta. In ta karye gatarin ya goce, motar sai ta riƙa tafiya a karkace kamar kare mai sassarfa, direba yana ta riƙe sitiyari gefe guda, tayoyin gaba suna gogewa. Wanda ke bin motar a baya zai gani. In ana shakka, a auna da igiya daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. Ya kamata su zo ɗaya. Motar da ta taɓa haɗari, ko wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, ita ma a auna ta haka, domin in shasi ya murɗe ba alaimen da zai zauna.

Alaimen

Mun bar shi a ƙarshe da gangan. Kuskuren da muka fi yi shi ne, da an ga taya na cin gefe sai a ce a kai ta alaimen. In akwai wasa a ƙafa, saitin ba zai wuce ramin farko ba, an yi asarar kuɗi ke nan. Mai alaimen na gari zai girgiza ƙafa kafin ya ɗaura na'ura, in ya ga wasa ya ce a je a gyara a dawo. Wanda bai taɓa ƙafar ba ya karɓi kuɗi, a canza shi.

Amma in lokacinsa ya yi, kada a raina shi. Ga lissafi. Tayar a-kori-kura tsayinta wajen santimita 70 ne. In tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba biyu ta kauce daga saiti da milimita 3 kacal, wato bambanci tsakanin bakinsu na gaba da na baya, kowace taya ana jan ta a kaikaice wajen mita 2 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya ya haura kilomita 250. Ke nan a zuwa kaɗai an ja kowace taya a ƙasa kusan rabin kilomita, kamar an ɗaure ta ana gurza ta a kwalta. A ninka da yawan zuwa da dawowa a wata, za a gane inda tayar wata huɗu ta tafi. Milimita 3 kuwa ido ba ya ganinta.

A yi alaimen duk lokacin da aka canza tayarod, boljoyin, bushi ko sifirin gaba, duk lokacin da mota ta faɗa mugun rami, da duk lokacin da sitiyari ya karkace ko mota ta fara jan gefe. A gaya wa mai yin irin lodin da motar ta saba ɗauka. Balansi kuma daban yake da alaimen: shi ne maganin karkarwar sitiyari da ke tasowa in gudu ya kai wajen 80 zuwa 100. Da damina a fara wanke busasshen taɓon da ke maƙale cikin wili, domin shi kaɗai yana iya kawo karkarwar.

Tayar kanta

Wani lokaci laifin na tayar ne. Tayoyin gaba biyu su zama girma ɗaya, iri ɗaya, zanensu kusan ɗaya. Sabuwa a hagu, gwanjo a dama, mota za ta ja gefe ko da ƙafarta lafiya. A duba rubutun jiki: tayar kaya tana da harafin C bayan lambar girma, kamar 195R14C, da lambar nauyi. Lamba 106 tana nufin kilo 950 a taya ɗaya, 110 kilo 1,060, alhali tayar ƙaramar mota mai 92 kilo 630 kaɗai take ɗauka. Tana iya shiga wilin, amma ba aikinta ba ne. Akwai kuma lambobi huɗu na ranar ƙira: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa, ko ta riga ta ɗauko cin gefe daga motar da ta baro. Araha ba ta ado. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu ƙanana; in fuskar taya ta zo daidai da su, saura milimita 1.6, ta gama. A tayar gaba, gefen da ya fi cinyewa shi ne hukunci, ko da sauran fuskar sabuwa ce.

Juya tayoyi, na gaba su koma baya, wajen kowace kilomita 10,000, yana sa su ƙare tare. Taya mai alamar kibiya a jiki ba a sauya mata gefe. Amma a karanta taya kafin a juya ta. In an mayar da mai cin gefe baya ba a gyara ƙafar ba, an ba cutar sabuwar taya ne kawai.

Tsakanin mai mota da direba

Akwai abin da ba na ƙarfe ba a cikin wannan magana. Direba ne ke fara jin mota ta canza: sitiyari na ja, ƙafa na ƙara, taya na ƙugi. Da yawa ba sa faɗa, saboda in sun faɗa sai a ce sun cika kawo kashe kuɗi, ko a zarge su da haɗa baki da makanike, ko a cire a cikin sallamarsu. Sai su yi shiru su lallaɓa, har ranar da ba a lallaɓawa. Alhazai, direban da ya ce a duba ƙafa dukiyarku yake tsarewa, kuma ransa ne a gaban motar. Ku kuma direbobi, shan kwana da gudu da kaya, murɗa sitiyari mota na tsaye, da hawa dakalin titi, duk daga jikin tayar gaba ake cire su. In an ba ku kuɗin gyara, a sa abin kirki, a kawo wa mai mota tsohon ya gani.

Ga abin da kwamiti yake roƙon taro ya amince da shi. Kowace motar mamba ta riƙe geji da ƙaramin littafi da za a rubuta ranar da aka sa taya, kilomitar da ke agogo, da ranar alaimen. A auna iska da safe kafin kowace tafiyar ƙetare. Sau ɗaya a mako, a ranar da ba kasuwa, mai mota ko wakilinsa ya durƙusa tare da direba su duba gefen ciki na tayoyin gaba. Kada a sayi sabuwar taya a madadin wadda ta ci gefe sai an bi jerin nan: iska, lodi, kayan ƙafa, sannan alaimen. Rassanmu na kowane gari kuma su tattara sunayen makanikai da masu alaimen da mambobi suka gwada suka gamsu, a ba sakatare, domin wanda mota ta lalace masa a tsallake ya san ƙofar da zai buga.

Iyayenmu da suka bi waɗannan hanyoyi da jakai da raƙuma ba sa ɗaura kaya sai sun ɗaga ƙafar dabba sun duba. Abin hawa ne ya canza, amma dubawar tana nan a wuyanmu. Motoci da yawa suna ajiye a bakin wannan zaure yanzu haka. Muna roƙon kowa, kafin ya tayar da tasa yau, ya murɗa sitiyari ya leƙa. Makanikai biyu da suka taya mu wannan aiki za su tsaya a wajen bayan an tashi, ga duk mai son a duba tare da shi.

Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka da haɗin kai, ya ba yaron da ya ji rauni cikakkiyar lafiya, ya kiyaye mana hanya, ya mai da kowa gida lafiya.